Sharhi: cin abinci a gidan gahawar unguwa ga wanda ba ya cin kayan dabba

Ƙaramin gidan gahawa ne irin na unguwa: injin espresso ɗaya a kan kanta, ɗan kicin a baya, takardar abinci shafi biyu. Ana soya ƙwai da nama a ciki kamar ko'ina, amma sun sa alama a gefen wasu abinci don wanda ba ya cin nama, kifi, ƙwai, madara, cuku, bota da zuma. A kan wannan alkawari na auna su. Abincin da tun asalinsa ba shi da kayan dabba sun iya shi sosai. Wanda kuwa aka zare wa cuku ko ƙwai don a ce an yi maka tanadi, nan ne aikin ya yi rauni, kuma raunin yana da dalilai da za a iya nunawa ɗaya bayan ɗaya.

Alamomin takardar biyu ne, V da VG, an buga su da ƙananan baƙaƙe masu launi ɗaya. V na nufin babu nama da kifi amma akwai yiwuwar ƙwai, madara ko cuku. VG na nufin babu kayan dabba ko kaɗan. Bayanin yana can ƙasan shafi na biyu inda ido ba ya zuwa. Wasu gidajen abinci kuma suna juya ma'anar haruffan, don haka kada ka taho da abin da ka saba gani a wani wuri, ka karanta nasu tukuna.

Gahawar ce ta fi komai kyau, kuma a nan ake gane an koya wa ma'aikata aiki. Suna da madarar tsiro iri uku: ta ots, ta waken suya, da ta almon. Ta ots ɗin irin wadda aka haɗa musamman don injin gahawa ce. Bambancinta da ta shan gida shi ne an ƙara mata man kanola har maiƙonta ya kai kusan giram 3 a kowace mililita 100, sannan an sa mata sinadarin da ke rage tasirin tsami, shi ya sa take yin kumfa mai laushi ba ta tsinke a cikin kofi. Ɗan zaƙin da ake ji a cikinta ba lallai sukari aka zuba ba, wajen sarrafa ta ne ake farfasa sitacin ots ya koma sukari. Latte ɗinsu, wato gahawa mai madara da kumfa, da wannan madara ya fito yadda ake so, kumfar ta haɗe da gahawar, ba manyan ƙwayoyin iska a sama, kuma tana nan har kurɓin ƙarshe.

Madarar waken suya ce mai rigima. Gahawa tana da tsami, ma'auninta na pH yana kusa da 5, furotin ɗin waken suya kuwa yana dunƙulewa idan tsami da zafi suka haɗu a kansa. Wannan gida yana amfani da ƙwayar gahawa wadda ba a gasa ta yi duhu ba, irin wannan kuma ta fi tsami. Sakamakon shi ne idan an yi gaggawa, za ka ga ƙananan gudaji farare suna yawo a saman kofin, ruwan ƙasa ya tsinke. Ba lalacewa madarar ta yi ba, ba ta kuma cutarwa, amma ba daɗin gani ba daɗin sha. Maganin abu uku ne, kuma ma'aikacin safe yana yin su duka: ya tsayar da tururi a kusan digiri 55 zuwa 60 maimakon 65 da ake kai madarar shanu, ya bar espresso ɗin ya huce na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya zuba madarar kaɗan ya jujjuya kofin kafin ya juye sauran. Lokacin cunkoson rana ana tsallake mataki na uku, a nan ake samun kofin da ya tsinke. Idan layi ya yi tsawo, ka zaɓi ots. Ta almon ba yabo ba fallasa: ruwa ya yi mata yawa, furotin ɗinta kusan rabin giram ne a mililita 100, kumfarta tana faɗuwa da wuri. A gahawa mai ƙanƙara ta fi dacewa.

Suna da jog daban don madarar tsiro, an naɗa masa jan tef a hannu, kuma ana busa bututun tururi a goge shi kafin a tsoma. Sai dai tsumman gogewar ɗaya ne ga kowace madara. Ga wanda ƙauracewarsa ta ra'ayi ce wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda jikinsa ba ya karɓar madarar shanu kwata-kwata, dole ya faɗa tun a kanta, don a ɗauko tsumma mai tsabta.

Inda abin sha yake yaudara shi ne waɗanda ake haɗawa da gari. Shayin kayan ƙamshi da suke kira cai latte daga garin gwangwani ake yin sa, kuma akwai garin madara a cikin garin tun daga kamfani, don haka ko da madarar ots aka dama shi bai fita ba. Cakulan mai zafi ma haka yake a wurare da yawa, amma a nan da garin koko zalla da sukari suke yi, ya wuce. Ruwan zaƙin banila da na hazelnut sukari ne da ruwa da ƙamshi, ba matsala. Karamel mai kauri da ake zanawa a saman kumfa kuwa da kirim da bota ake dafa shi. Ma'aikaci yakan miƙa hannu ya zuba shi ba tare da tunani ba domin hannunsa ya saba, sai ka ce kada a sa tun kafin a fara.

A ɓangaren abinci, farantin falafel, ƙwallon wake soyayye mai kama da ƙosai, shi ne abin da zan ce kowa ya fara da shi. Falafel na gaskiya da ɗanyen wake ake yi, galibi waken cikfi (chickpea), a jiƙa shi awa 12 zuwa 24, a markaɗa da albasa, tafarnuwa, fasili da kumin, ba a dafa waken ba. Sitacin ɗanyen waken ne yake riƙe ƙwallon a cikin mai. Gidajen da ke amfani da dafaffen wake na gwangwani sai sun ƙara fulawa, wasu har ƙwai, don kada ya warwatse, shi ya sa tambayar ko akwai ƙwai a falafel ba tambayar banza ba ce. Na wannan gida na ɗanyen wake ne. Idan ka raba ɗaya biyu, ɓawon ya yi ruwan ƙasa mai duhu yana ƙaras-ƙaras, cikin kore ne shar, yana tururi, yana marmashewa ba ya danƙo, kuma takardar da ke ƙarƙashinsa ba ta jiƙe da mai ba. Wannan alama ce an soya shi a mai mai zafin digiri 175 zuwa 180 na minti uku zuwa huɗu. Idan man bai kai haka ba ƙwallon yana shan mai ya yi nauyi, idan ya zarce waje ya ƙone ciki ya rage da gafin wake.

Hummus ɗin da ke tare da shi, wato markaɗen dafaffen waken cikfi da riɗi, ya yi sumul, ba ɓawon wake ko ɗaya, alamar an dafa waken da ɗan bekin soda har ya yi luguf kafin a markaɗa. Markaɗen riɗi ya ji a ciki, lemun tsami daidai, tafarnuwa ba ta yi yawa ba. Wasu wurare suna ƙara yogot a hummus don ya yi laushi da araha, a nan ba sa yi. Abin lura ɗaya shi ne farin miyar da ake yaryaɗawa a kan falafel. Suna da iri biyu a kicin, ta riɗi da lemun tsami, da ta yogot da tafarnuwa, kuma a ido kusan ɗaya suke. Ta riɗi ta fi ɗan duhu, tana da ɗan ɗaci mai gardi a ƙarshen harshe. Ka ambaci ta riɗi da bakinka lokacin oda.

Tukunyar suya ɗaya ce a kicin ɗin, a cikinta ake soya falafel da dankali da kaza mai garin burodi. Ba su rubuta wannan a takarda ba, amma idan ka tambaya ba sa ɓoyewa. Masu ƙauracewa kayan dabba sun rabu a kan wannan, wasu ba ya damun su tunda ba a sayi kayan dabba dominsu ba, wasu ba za su ci ba. Ko wanne ɓangare kake, gara ka sani kafin faranti ya iso.

Miyar adas tana da kyau, jan adas ne da ya narke cikin minti 15 zuwa 20, da karas da kumin, an matsa lemun tsami a ƙarshe. Da romon kayan lambu ake yin ta. Matsalar tana wajen zubawa: al'adar kicin ɗin ce su ɗiga kirim a saman kowace miya su watsa soyayyen burodi, shi kuma burodin da bota aka soya shi. Miyar tana ɗauke da VG a takarda, adon da ke kanta ba ya ɗauke da shi. Miyar tumatir kuwa V ce kawai, ana gama ta da bota. Miyar ranar da ake rubutawa a allo ita ce ta fi buƙatar tambaya, domin kayan lambu ne a ido amma sau da yawa dunƙulen ɗanɗano na kaza ne a gindinta. Tambayar "akwai nama a ciki?" ba ta kama wannan, za a ce maka babu, kuma ba ƙarya aka yi ba. Tambayar da ke aiki ita ce "da romon me aka dafa ta?"

Daga nan sai abubuwan da aka gyara, inda makin ya fara sauka. Sanwic ɗin gasassun kayan lambu asalinsa da cukun akuya da festo (koriyar miyar ganyen ƙamshi) ake yin sa. Idan ka nemi na VG, sai a cire biyun a kawo maka tattasai da gauta da albasa a tsakanin burodi, shi ke nan. Cukun shi ne ke ba da gishiri da maiƙo da tsami, feston shi ne ke ba da ƙamshi, an cire su ba a mayar da komai ba, sai abin ya zama lami, ruwan kayan lambun kuma ya jiƙa burodin ƙasa ya caɓe kafin ka kai rabi. Abin haushin shi ne maganin yana cikin firij ɗinsu. Cokali biyu na hummus a shafa a fuskokin burodin biyu zai tare ruwan, ya ba da maiƙo da furotin, 'yan ƙwayoyin zaitun su ba da gishiri. Idan ka roƙa suna yi, kuma sanwic ɗin yana canzawa gaba ɗaya, amma bai kamata a ce mai saye ne zai koya wa kicin wannan ba. Cire feston daidai ne, domin festo na asali yana da cukun Parmesan, wanda ko masu cin madara da ba sa cin nama suna guje masa, tunda da sinadarin cikin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi.

Burodin kansa abin dubawa ne. Burodi mai tsami da na Italiya da ake kira ciabatta fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, wani lokaci da man zaitun. Zagayayyen burodin baga mai sheƙi a sama, irin brioche, bota da ƙwai ne a cikin kwaɓin, sheƙin kuma ruwan ƙwai aka shafa. Bagar wake ta wannan gida tana zuwa a kan ciabatta, sun yi tunanin wannan, amma idan ciabatta ta ƙare da yamma ana ɗaukar na kusa da hannu. Ka duba saman burodin, idan yana ƙyalli cikinsa kuma rawaya ne, ka mayar.

Gasasshen sanwic na cukun tsiro shi ne mafi rauni a takardar. Yawancin irin wannan cuku man kwakwa ne da sitaci, kusan ba furotin, kuma ba shi da kasin, furotin ɗin madara da ke sa cuku narkewa yana jan zare. Zafin ƙarfe busasshe ba ya narkar da shi, sai dai ya yi gumi ya manne a haƙori. Tururi yake so: a goga shi ƙanana maimakon a sa shi fale-fale, a ɗiga ruwa kaɗan a gefen kasko, a rufe na minti ɗaya zuwa biyu a wuta marar ƙarfi. A nan suna matse shi a injin gashi daidai lokacin da suke ba cukun shanu, burodi ya gasu, cukun yana nan da kusurwoyinsa huɗu kamar yadda aka ciro shi daga leda.

Karin kumallon awara da aka yi a madadin soyayyen ƙwai yana da gyara uku. Ba a matse awarar ba, don haka ruwa yana taruwa a gefen faranti yana jiƙa burodi. Minti 20 zuwa 30 a ƙarƙashin abu mai nauyi, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ya isa ya fitar da ruwan, sannan ta soyu ta yi ɗan ja a gefe maimakon ta dahu a ruwanta. Na biyu, kurkur ya yi yawa. Don launi ake sa shi, rubu'in ƙaramin cokali ya ishi giram 400 na awara, abin da ya wuce haka ɗaci ne. Suna amfani da baƙin gishirin Indiya mai ƙamshin ƙwai, dabara ce mai kyau, amma tun farkon suya suke zuba shi, ƙamshin kuma yana gudu da zafi. A ƙarshe ake barbaɗa shi bayan an sauke.

Taliyar tumatir da zaitun ba ta da matsala muddin busasshiyar taliya ce, wadda garin alkama ne da ruwa kawai. Ɗanyar taliya da ake murzawa a kicin galibi ƙwai ɗaya ne a kowane giram 100 na fulawa. Salak ɗin Kaisar ko an cire kaza da cuku bai zama naka ba, akwai ƙwai da ƙananan kifin ancobi a cikin miyar, akwai kuma ancobi a miyar Worcestershire da ake ɗigawa a wasu abinci. Granola ɗinsu, gasasshen ots na karin kumallo, da zuma aka gasa ta, sun kuwa sa mata V daidai.

Akwai babban fayil a ƙarƙashin kanta da ke nuna abubuwan da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, bisa tsarin abubuwa 14 da dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyanawa. Yana da amfani sosai wajen gano madara, ƙwai, kifi da jatan lande. Amma zuma ba ta cikin 14 ɗin, romon nama ba ya ciki, jelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba ba ya ciki. Sabon ma'aikaci yana iya buɗe fayil ɗin ya ga ba alama a layin madara da ƙwai ya ce maka ka ci. Fayil ɗin rabin amsa yake bayarwa, sauran rabin yana wurin mai dafa abinci. A gefe guda kuma, rubutun "mai yiwuwa akwai ɓurɓushin madara" a jikin fakiti gargaɗi ne cewa an sarrafa abin a masana'anta ɗaya da madara, ba wai an zuba ta a ciki ba.

Ma'aikatan suna da fara'a, kuma abin da na fi yaba musu shi ne idan ba su sani ba suna shiga kicin su tambayo, ba sa cewa "ina ganin babu". Giɓin yana tsakanin kanta da kicin: na'urar oda ba ta da maɓallin VG, da hannu ake rubuta shi a ƙasan takardar, mai zuba abinci kuma saman takardar yake kallo. Daga nan kirim ɗin miya da miyar yogot suke samun hanya.

Kayan zaƙi masu VG biyu ne kacal. Kek ɗin cakulan ya yi kyau ƙwarai, irin wanda ake tayarwa da bekin soda da ɗan binega, a sa man girki a madadin bota, shi ya sa yake da damshi ko ya kwana. Ba wanda zai ci ya nemi ƙwai a ciki. Burodin ayaba kuwa yana da layi mai danƙo a ƙasa kaurin yatsa, ayabar ta yi yawa kuma an fitar da shi kafin tsakiyar ta gasu. Idan babu ƙwai da zai riƙe kwaɓi, yana buƙatar ƙarin minti 10 zuwa 15 a wuta mai sauƙi, a kuma bar shi ya huce sarai kafin a yanka. Wuƙa da abin ɗauka ɗaya ne ga duk kek ɗin da ke cikin gilashin. Kayan zaƙi masu launin ja ko ruwan hoda da suke saye a fakiti, ka nemi ganin bayan fakitin: E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, E904 mai sa alewa sheƙi shi ma daga ƙwaro yake, E901 kakin zuma ne.

Batun ƙoshi ma abin lissafi ne, domin yawancin abincin VG na gidajen gahawa burodi ne da ganye, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Dafaffen adas yana da furotin kusan giram 9 a giram 100, waken cikfi yana kusa da haka. Latte mai madarar suya mililita 200 yana ba da giram 6 zuwa 7, na ots kusan giram 2 kawai. Burodi da fiya, wanda shi ne aka fi oda, maiƙo ne da sitaci, ba ya riƙe ciki sai an ƙara masa hummus ko awara a gefe. Haɗin da ya fi ƙosarwa a wannan gida shi ne miyar adas ba kirim ba soyayyen burodi, da farantin falafel da miyar riɗi. Gahawa da shayi suna rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da adas, lemun tsami kuma yana ƙara shi, don haka ka matse yankin lemun da ke gefen farantin a kan miyar, ka jinkirta gahawar zuwa kamar awa ɗaya bayan cin abinci idan kana da lokacin zama.